Ina son buga littafin girke-girkena da kuɗina: daga ina zan fara?

Tambaya: Ina koyar da girki a gida a nan Kano, kuma na tara girke-girke kusan tamanin, wasu a littafin rubutu, wasu a waya. Ɗalibaina sun matsa mini in mayar da su littafi. Babu kamfanin da zai ɗauki nauyi, da kuɗina zan buga. Me zan fara yi, kuma a ina aka fi tafka asara?

Amsa: Malama, kada ki nufi maɗaba'a tukuna. Mai maɗaba'a shi ne mutum na ƙarshe da za ki gani a wannan aiki, kuma duk abin da kika miƙa masa shi zai buga, da daidai da kuskure. Mafi yawan aikin littafin girki a kicin ake yin sa, da sikeli da biro.

Matsalar farko ita ce awo. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, kuma haka ne ga wadda ta shekara ashirin tana girki. Wadda za ta sayi littafinki ba ta da wannan idon, shi ya sa ma ta saya. Idan kika rubuta "a zuba kanwa kaɗan" ko "a sa ruwa daidai misali", ba ki faɗa mata komai ba. Mudu ma ba ya fitar da ke, domin mudun wannan kasuwa daban da na waccan, ga tiya, ga gwangwanin madara da ba girmansa ɗaya ba. Ki sayi ƙaramin sikelin kicin mai auna giram, da jerin kofunan awo da cokulansu. Ki tsayar da ma'auni ɗaya a farkon littafin ki bayyana shi a shafi guda: kofi yana nufin mililita 250, babban cokali 15, ƙaramin cokali 5, kuma a shafe saman kofin kada a yi masa tozo. Akwai kofunan awo na Amurka da ke ɗaukar kusan 240, don haka ki faɗi wanda kika yi aiki da shi. A duk inda kuskuren awo zai ɓata abinci, kamar kek da cincin da alkaki da dubulan, ki ba da nauyi a giram tare da kofin. Dalili kuwa shi ne kofin fulawa ɗaya yana iya zama giram 125 a hannun wadda ta zuba a hankali, ya haura 150 a hannun wadda ta danna. Sukari bai cika wannan rikici ba, kofinsa yana kusa da giram 200 ko wa ya auna.

Kanwa ita ce ta fi wuyar rubutawa, saboda ƙarfinta ya bambanta: ungurnu daban, jar kanwa daban, kuma ko iri ɗaya ce wani dunƙulen ya fi wani kaifi. Hanyar da ke aiki ita ce ki auna dunƙulen a sikeli, ki jiƙa a ruwan da kika auna, ki tace, sannan girkin ya ce a ɗebi cokali kaza na wannan ruwan. Bayan haka ki ƙara alamar da za a gane an yi daidai, da alamar da za a gane ta yi yawa, wato ɗaci da sauyin launi. Haka za ki yi wa daddawa da attaruhu, waɗanda su ma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne.

Lokaci ma ba a ba da shi shi kaɗai. Ƙullun wainar da ya tashi cikin awa huɗu a watan Afrilu zai iya kwana bai motsa ba a tsakiyar hunturu, saboda yis yana son ɗumi. Wutar gas daban da ta gawayi, ta risho daban da ta itace. Mai girki a Jos, inda tsayin ƙasa ya kai kimanin mita 1,200, ruwanta yana tafasa kafin ya kai digiri 100, saboda haka wakenta zai ɗan fi na mutumiyar Kano daɗewa a wuta. To kowane lokaci da kika rubuta, ki haɗa shi da abin da ido ko hanci zai shaida: "a rufe a ajiye a wuri mai ɗumi awa 4 zuwa 8, har ƙullun ya kumbura ya yi ƙananan ƙofofi a sama, ana jin ɗan tsami". Wannan jimlar ita ce za ta ceci wainar amarya.

Idan kin gama rubuta girki, ki ba wata ta dafa daga takardar kawai, ke kuma ki kame bakinki. Kada ki zaɓi ɗalibarki da ta riga ta ga yadda kike yi, domin za ta cike giɓin da abin da ta tuna. Ki nemi wadda ba ta taɓa yin wannan abincin ba, ta yi a kicin ɗinta da tukunyarta. Duk inda ta tsaya ta kira ki a waya, nan ne rubutun ya gaza. Abubuwan da aka fi samu su ne: kayan haɗin da ke cikin jeri amma ba a faɗi lokacin zuba shi ba, ko wanda ya ɓullo a tsakiyar bayani ba ya cikin jerin, mataki da hannunki ya saba yi har kika manta mataki ne, kamar tsane shinkafa kafin a kai niƙa, da rashin faɗin mutum nawa abincin zai isa. Girkin da bai fito daidai a hannu biyu daban-daban ba, a gyara a sake, ko a cire shi. A ganina littafi mai girki hamsin da aka gwada ya fi mai tamanin da rabinsu zato ne, kuma ya fi arha wajen bugu.

Tsarin kowane girki ya zama iri ɗaya daga farko har ƙarshe: suna, adadin mutanen da zai isa, tsawon lokaci, kayan haɗi a jere bisa yadda za a yi amfani da su, sai matakai masu lamba, kowane mataki aiki ɗaya ko biyu. Abin da ke buƙatar shiri tun jiya, kamar jiƙa shinkafa ko surfa wake, a sa shi a sama inda za a fara gani. Ki zaɓi salon magana ɗaya, ko "a zuba" ko "ki zuba", kada ki riƙa tsalle tsakaninsu. Sunaye kuma ki tuna Hausa tana da faɗi: abin da Bakano ke kira waina wani masa ya sani, alala wasu su ce alale. Ki tsaya a kan ɗaya a cikin littafin, ɗayan ki ambace shi sau ɗaya a kan girkin, sannan dukansu su shiga fihirisar ƙarshen littafi. Wannan fihirisa, wadda ake jera ta bisa sunan abinci da kuma babban kayan haɗi, ita ce aka fi mantawa da ita, alhali mai kabewa a hannu tana son ta buɗe ta ga abin da za ta yi da kabewa.

Abu ɗaya da zan ja kunnenki a kai: kada ki rubuta cewa wani kunu ko wani haɗi yana maganin ciwon suga ko hawan jini. Littafin girki kike yi, kuma akwai wanda zai ajiye maganin asibiti saboda ya gani a rubuce. Abin da ya dace ki nuna shi ne girkin da ke ɗauke da gyaɗa, don akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓar ta.

Sai hotuna. Wayar zamani mai kyau ta isa, in dai an san haske. A ɗauka da rana kusa da taga, hasken yana zuwa daga gefe, a kashe ƙwan ɗaki da filashin waya, domin su ne ke sa mai ya yi ƙyalli abinci ya koma rawaya. Abincinmu da yawa ba ya son kyamara: miyar kuka da tuwon dawa da ɗanwake duk launinsu a dushe yake. Ana taimaka musu da mazubi, wato akushi ko ƙwarya ko farin kwano, da ɗan abin da zai ba da launi a gefe, kamar yankan tumatir da dafaffen ƙwai a kan ɗanwake, matuƙar dai da shi ake ci. A ɗauki hoton da zarar an sauke, kafin miya ta yi fata. Kuma hoton ya zama na ainihin girkin da ke shafin, a yadda zai fito wa mai karatu.

Ga wurin da ake yawan ɓata aiki: hoton da aka tura ta WhatsApp a matsayin hoto an riga an matse shi, a waya yana da kyau, a takarda sai ya fito dishi-dishi. A tura asalin fayil ɗin ta kebul ko filasha ko a matsayin dokumen. Bugu yana son ɗigo 300 a kowane inci. Hoton da zai cika shafin A5, wanda faɗinsa milimita 148 ne tsayinsa 210, tare da rarar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka, yana buƙatar kusan fiksel 1,820 a faɗi da 2,550 a tsayi. Sannan allon waya da haske yake nuna launi, takarda kuwa da tawada huɗu, shuɗi da ja-ja da rawaya da baƙi, abin da masu bugu ke kira CMYK. Idan aka juya hoto zuwa wannan tsarin, jan dafa-duka da na zoɓo sukan dushe. Mai tsara shafuka ya juya su da kansa ya gyara, kada a bar wa injin maɗaba'a.

Kada ki ɗauko hoto daga intanet ko shafin wata. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ba ta ba kowa mallakar hanyar yin abu ba, don haka babu mai cewa miyar taushe tasa ce. Amma kalmomin da wata ta rubuta bayaninta da su, da hoton da ta ɗauka, nata ne. Idan kika ɗauki mai hoto, ku rubuta a takarda cewa kina da izinin amfani da hotunan a littafi da talla da duk wani bugu na gaba.

Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, suna buƙatar kulawa ta musamman. Salon harafi da yawa ba su da su, sai kwamfuta ta aro daga wani salon, ki ga harafi ɗaya ya fita daban a tsakiyar kalma, ko ya koma ɗan akwati a injin maɗaba'a. Charis SIL da Gentium da Andika da Noto duk suna da su, kuma kyauta ne. A miƙa aikin a PDF da haruffan a cushe cikin fayil ɗin, kada a ba da fayil ɗin Word, domin shafuka suna zamewa daga kwamfuta zuwa kwamfuta. Girman rubutu kada ya gaza 11, tunda a tsaye za a karanta, littafin yana can gefe hannu yana cikin ƙullu. Kowane girki ya ƙare a shafinsa ko a shafuka biyu masu fuskantar juna. Ki sami wanda ya san ƙa'idojin rubutun Hausa ya duba rabuwar kalmomi, sannan wani daban ya bi lambobi kaɗai, yana gwada su da takardun gwajinki. Babban cokali da ya koma ƙarami a wurin gishiri ko yis ya isa ya zubar da mutuncin littafi.

Yanzu kuɗi, kuma a nan kala ce ke cinye su. Injin bugu na ofset ba shafi-shafi yake bugawa ba. Babban falle yake ɗauka, a buga shafuka da yawa a kai, a ninke, a yanke. A injin da ke ɗaukar falle mai girman A2, shafukan A5 takwas ne a kowace fuska, wato 16 a falle. Shi ya sa ake son adadin shafuka ya zama ninkin 16, kamar 96 ko 112 ko 128. Kowace fuska tana buƙatar allon bugu ɗaya idan baƙi ne zalla, huɗu idan mai kala ce. Littafi mai shafi 128 falle takwas ke nan. Idan duka mai kala ne, allo 64 za a yi. Idan kika tattara hotunan a falle biyu, shafi 32, sauran shida suka zama baƙi da fari, allo 28 ne kawai, kuma hawan inji ya ragu haka nan. Abin da za ki rasa shi ne hoto ba zai zauna kusa da girkinsa ba, sai ki sa lambar shafi a ƙarƙashin kowane hoto. Ga bugun farko da kuɗin aljihu, wannan nake ba da shawara. Shafukan rubutu a yi su a farar takarda mai nauyin giram 80, domin mai 60 ko 70 takan nuna rubutun baya. Na hotuna a yi a takarda mai sheƙi, 115 zuwa 135. Bango kati mai 250 zuwa 300, a yi masa lamineshan saboda maiƙo da ruwa.

Ki tambayi irin injin da za a yi aikin kalar da shi. Ƙananan maɗaba'u da yawa suna da inji mai tawada ɗaya, irin Kord, wanda sai takarda ta bi ta cikinsa sau huɗu kafin hoto ya cika. Gwani yana fitar da aiki mai kyau da shi, amma in aka yi sakaci launukan ba sa hawa kan juna daidai, sai hoto ya yi inuwa biyu. Ki ce a nuna miki littafi mai hotuna da suka buga a wannan injin, ba kalanda ko katin biki ba. Ki karɓi farashi a rubuce daga wurare uku a kan bayani iri ɗaya: girma, shafuka, nauyin takarda, ɗauri, adadi, da ranar bayarwa. Wasu suna kai aiki Shomolu a Legas saboda yawan maɗaba'un da ke can, amma sai ki lissafa kuɗin dako da kuma cewa ba kya kusa idan abu ya karkace.

Ɗauri ya fi muhimmanci a littafin girki fiye da littafin labari, don ana son ya buɗe ya kwanta. Ɗaurin gam zalla shi ne mai arha, amma littafin yakan rufe kansa, in aka danne shi gadon bayan ya karye, kuma gam ba ya kama takarda mai sheƙi sosai, ga zafinmu da ke ƙara sassauta shi. Shafukan hotuna su ne za su fara zubewa. Ɗinkin zare kafin a sa gam ya fi tsada kaɗan, ya fi ƙarko nesa ba kusa ba. Ɗaurin waya mai zagaye shi ya fi kwanciya a kicin, illarsa ba shi da gadon bayan da za a rubuta suna, kuma wayar tana lanƙwashewa a dako. Idan ɗalibai ne manyan masu sayenki, ɗaurin waya ya yi. Idan kina son shaguna da masu saye don kyautar amare, ki yi ɗinki. Kaurin gadon baya kuwa mai maɗaba'a ne zai ba mai zanen bango, bayan an tsayar da takarda. Shafi 128 a takarda mai giram 80 yana ba da wajen milimita 6 zuwa 7.

Kafin a hau inji, ki nemi samfur guda cikakke, a buga a ninke a ɗaure. Ki karanta shi daga bango zuwa bango, ki sa hannu, ki riƙe kwafi. Kada ki biya kuɗi duka a farko. Ranar karɓa ki buɗe ƙunshi da dama daga wurare daban-daban, ki duba ko akwai fallen da ya juye ko ya maimaitu ko ya ɓace, ki ƙirga.

Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi mai lamba 13, daga Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samun ta, wanda hedikwatarsa ke Abuja kuma yana da rassa a jihohi. Ki nema da sunanki ko sunan kasuwancinki, domin wanda aka ba lambar shi ne mawallafi a hukumance, kuma idan mai maɗaba'a ya ba ki daga nasa, sunansa ne a rajista. Bugun takarda da na waya kowanne da lambarsa. Dokar ɗakin karatun ta 1970 ta wajabta wa mai buga littafi ya kai kwafi uku cikin wata ɗaya da fitowarsa. Tunda a Kano kike, ki leƙa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta jiha ki ji abin da take buƙata daga marubuta kafin littafin ya shiga kasuwa.

Kwafi nawa? Ga lissafin, da lambobin misali kawai don ki ga yadda yake tafiya. A ce kuɗin da ba ya canzawa, wato gwajin girki da hotuna da tsara shafuka da allunan bugu, ya kama naira 600,000, kuma takarda da bugu da ɗaurin kowane kwafi 1,500. Idan kika buga 500, kowanne ya tsaya miki a 2,700. Idan 1,000 ne, 2,100. Wannan saukin ne ke ruɗar mutane su buga dubu biyu, su sayar da ɗari uku, sauran su zauna a ɗaki damina ta jiƙa, gara ta ci. Kuɗin da za ki fitar a kwafi 1,000 ya kai 2,100,000, a 500 kuwa 1,350,000, kuma kwafin da bai fita ba bai yi arha ba ko nawa aka buga shi. Ki fara da ƙirga mutanen da za ki iya kira da suna, ɗalibai na da da na yanzu. Ki buɗe oda kafin bugu da ɗan rangwame, ki ga nawa ne suka biya da gaske, ba waɗanda suka ce "Allah ya sa albarka, za mu saya" ba. Idan ba su kai ɗari biyu ba, ki fara da bugun dijital na kwafi 50 zuwa 100. Kowane kwafi ya fi tsada, amma babu kuɗin allo, kuma kuskuren da masu karatu suka gano za ki gyara kafin babban bugu.

Wajen sa farashi ki bar gurbin mai shago, wanda yakan ɗauki kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma sau da yawa sai ya sayar zai biya. Duk wanda kika ba littattafai, a rubuta adadi da ranar lissafi, ku sa hannu. Ki cire kwafin kyauta da na lalacewa daga abin da kike sa ran sayarwa. Farashin da bai kai ninki biyu da rabi zuwa uku na abin da kwafi ya tsaya miki ba, da wuya ya bar miki kuɗin bugu na biyu.

Game da sayar da shi a waya, ana iya ɗora PDF a dandali irin Selar, amma ki sani ranar da mutum ɗaya ya saya, washegari yana iya yawo a zaurukan WhatsApp. Ki jinkirta shi har bugun takarda ya mayar da kuɗinsa, ko ki fitar da ɗan ƙarami mai girki goma a matsayin talla. Asalin fayilolinki kuma su kasance a hannunki a wuri biyu, har da wanda mai tsara shafuka ya yi aiki da shi, ba PDF kaɗai ba. Kada ki dogara da dandali wajen ajiya: OkadaBooks, dandalin da marubutan Hausa da yawa suke sayar da littattafansu a da, ya rufe a ƙarshen 2023.

Lokacin fitarwa kuma ki auna shi da azumi, domin a Sha'aban ne mata suka fi neman sababbin dabarun buɗa-baki da sahur. Littafin ya kasance a hannunki tun farkon Rajab, wanda ke nufin fayil ya isa maɗaba'a wata biyu kafin nan. Ki guji kai aiki dab da zaɓe ko ƙarshen shekara, lokacin da fastocin 'yan siyasa da kalandu suke cika injuna, aikin mai kwafi ɗari biyar ya koma bayan layi.